Ƙafata da Motar Gyaɗa a Ƙofar Gumel

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana!

Sunana Ishaku. Waɗansunku sun san ni, waɗansu kuwa ɗingishina kawai suka gani da na shigo rumfar nan. Ku yi mini haƙuri in kun ji muryata ta tashi. Na yafe abin da aka yi mini, Allah ne shaida, amma har yau in na tuna shi sai jinina ya tafasa, kuma ba zan tsaya a gaban jama'ar Allah in yi kamar ba haka ba ne.

Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Ɗanzomo. Ci-rani ya kai ni Kano ina saurayi. Na yi dako a tashar jirgi, a can wani kuku ya koya mini karatun boko, a can kuma na ji bishara na karɓa. Bayan na yi aure sai wani kamfanin sayen gyaɗa ya ɗauke ni masinja, aka turo ni kantinsu na Gumel, ni da matata Rifkatu. Masu bi a garin ba mu cika tabarma biyu ba. Ran Lahadi a zauren Baba Yohana tela muke taruwa, wani dattijo ne mutumin Zazzau, ga shi can zaune.

Kamfani ya ba ni keke. Baƙi wuluk, da ƙararrawa, da famfo a jikinsa. A lokacin kekunan garin duka ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Gidan da muka kama yana cikin gari, kanti kuwa yana bayan ganuwa, sai ka ratsa kasuwa ka fita ta ƙofa. Kullum da safe ta nan nake bi, in ɗauki jakar takardu, wata rana a aike ni Maigatari, wata rana nan Gagarawa wurin masu shimfiɗa hanyar jirgi, da la'asar in komo ta ƙofar nan dai.

Mai kallo yana cewa mai keke yana jin daɗi. Wane daɗi! Ka fito da sassafe da wankakken wandonka, kafin ka kai bakin lungu wata ta watso ruwan wanke-wanke ta kan danga. Ka wuce wannan, rairayi ya kama ƙafar gaba ya murɗe ta, sai ka ji ka a ƙasa, mahauta na tafa hannu. Ka tashi, tsidau ya huda taya. Rana ɗaya na yi faci huɗu tsakanin Gumel da Maigatari, ina zaune cikin rana ina shafa sholisho, ƙudaje na shan gumina.

Sai jakuna. Jaki ɗauke da taiki biyu na gyaɗa ya cika hanya daga wannan bango zuwa wancan, ka kaɗa ƙararrawa har yatsanka ya gaji, shi da mai shi ba wanda zai waiwayo. Raƙuman Damagaram masu kawo kanwa kuwa, su akasin haka ne: da sun ji ƙararrawa sai su firgita su yi kanka. Wani ya taɓa kama mini hula da baki, da kaina ne da ba ni nan. Ga awaki da ba su san inda za su ba sai sun ga keke, ga kaji, ga karnukan maharba. Rigata ma ta taɓa shiga sarƙa ta shaƙe ni a tsakiyar kasuwa.

Amma tunda shaida na zo bayarwa, bari in faɗi nawa. Keken nan ya sa mini girman kai. Na ɗauka hanya tawa ce, kowa aro yake yi. Ba na sauka don dattijo, ba na rage gudu don mai kaya. Bakin nan da nake waƙar yabo da shi ran Lahadi, da shi nake zagin masu jakuna tun daga Litinin. Rifkatu ta sha ce mini, "Maigida, ka riƙa lallaɓawa, mutane na magana." In ce mata, "Aikin Bature ba ya jira."

Ana nan sai kakar gyaɗa ta kawo manyan motoci. A cikinsu akwai ta wani ɗan kwangila, direbanta sunansa Garba, amma ba wanda ke kiransa haka, Guguwa ake ce masa. Shi ke kwashe buhunanmu zuwa Kano.

'Yan'uwa, mutumin nan ya mai da ni abin wasa! Sai ya hango ni a gaba, ya lallaɓo a hankali har sai ya kusa taɓa ni, sannan ya matsa ƙahon mota da ƙarfi. In firgita in faɗa shingen ƙaya, shi kuwa ya wuce yana ƙyaƙyata dariya. Sau uku ya yi mini haka. Na uku Rifkatu ta wuni tana cire mini ƙaya daga baya da allura.

Na kai ƙara wurin babban akawun kanti. Bai ko ɗaga kai daga teburinsa ba. Ya ce, "Mota ce babba, kai ne ƙarami. Ka kauce mana."

In kauce ina? In hau bango?

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi. Na taho zan fita ta ƙofa. Wanda ya san ƙofar nan ya san ƙuncinta. Jakuna biyar a gabana, ganuwa a hagu, mata masu tallan daddawa a dama. Sai na ji ruri a bayana. Na waiga, Guguwa ne, motar maƙil da buhuna. Na ɗaga masa hannu, na yi ihu, "Tsaya! Ba hanya!" Na ga idonsa, ya ga nawa. Ya matsa ƙaho, ya taho.

Gefen motar ya bugi kan keken. Na faɗi, keken ya faɗo a kan ƙafata ta dama, tayar motar ta baya ta hau keken. Na ji ƙarar ƙashina da kunnena, kamar an karya busasshen kara.

Motar ta ɗan tsaya. Wallahi na zaci zai sauko. Sai ya leƙo da kai ta taga ya ce, "Ya mutu?"

Wani ya ce, "Bai mutu ba."

Ya ce, "To ku janye shi, kaya na jira."

Ya ja motarsa ya tafi! Ɗan Adam kwance cikin jini, ƙashi ya huda fata ya fito, aka tambaye shi kamar yadda ake tambayar kazar da aka taka! Kazar ma mai ita zai bi ka da gudu.

Kun san waɗanda suka ɗauke ni? Masu jakunan nan da nake zagi kullum. Ɗayansu ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini cinya don jini ya tsaya. Suka ciro ƙyauren wata rumfa suka ɗora ni, suka bar jakunansu da kayansu a bakin ƙofa, suka kai ni gidan Malam Sale maɗori. Da muka shiga zaure wani ya ce masa a hankali, "Malam, masinjan kantin nan ne fa, Kirista ne."

Malam Sale yana naɗe hannun riga ya ce, "Ƙashin nasa ma Kirista ne? Ku riƙe mini shi."

Mutum huɗu suka danne ni. Ya ja ƙafar. Ban san sa'ad da na suma ba. Da na farfaɗo na tarar an ɗaure ta da kara da tsumma, Rifkatu na durƙushe a kaina tana kuka. Allah ya sāka wa bawan nan nasa da alheri, har gobe ina yi masa addu'a.

Washegari babban akawu ya zo gida. Na ji sallamarsa na ce a raina, ashe dai an san da ni. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗaki, bai shigo ba. Ya ce, "Bature ya ce a tambaye ka, ina jakar takardu? Kuma keken zai gyaru?"

Rifkatu ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar fa? Bai tambayi ƙafar ba?"

Ya ce, "Ni abin da aka aiko ni ke nan."

Shekara uku ina yi musu gudu cikin rana da ruwa! Shekara uku ban ɓatar da takarda ko ɗaya ba! Aka tambayi jaka, aka tambayi keke, ni ba a tambaye ni ba. Kafin mako ya zagayo sun ɗauki wani masinja. Guguwa kuwa ko tsawa ba a yi masa ba, don in an taɓa shi wa zai kwashe gyaɗa? Ragowar keken ma da suka ga ya zama tarkace sai suka bar mini shi jingine a tsakar gida, ina kallonsa daga kan gado.

Bayan kwana goma ƙafar ta fara ruɓa. Ta kumbura ta yi baƙi-baƙi, zazzaɓi ya rufe ni. Warin ya kai Rifkatu sai ta turara ɗakin kafin ta iya ba ni koko. Malam Sale ya zo ya kwance ɗaurin, ya duba. Can ya ce, "Ishaku, ba zan ɓoye maka ba. Ɗori aikina ne, amma ruɓa ta fi ƙarfina. In ta haye gwiwa sai dai haƙuri. Ku kai shi Kano wurin likita, ko da yanke ta za a yi, a tsira da rai."

Baba Yohana ya ce, "Kano a kan jaki kwana nawa ne? Ba zai kai ba. Sai dai mota."

Kowa kuwa ya san motar da ke zuwa Kano a makon nan guda ɗaya ce.

Na ce, "Motar Guguwa? Ni? Gara in ruɓe a nan har wuya!"

Baba ya ce, "Ɗana, ranka ake magana."

Na ce, "Baba, na gama magana."

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a cikin taro ba. Akwai wata ruɓa da ta fi ta ƙafar, Malam Sale bai gan ta ba. Kowace safiya in Guguwa yana gari ina jin ƙahon motarsa daga inda nake kwance. Da na ji, sai zuciyata ta yi kamar za ta fasa ƙirji. Wata rana Rifkatu ta tafi rijiya, na ja jiki na fita tsakar gida, na ɓalle ƙarfen birki daga tarkacen keken, dogo kamar tsinken tsire. Na ɗauko ɗan dutse na ɓoye su ƙarƙashin tabarma. Da ta fita sai in ciro in yi ta wasa shi. Ina rawar zazzaɓi ina wasawa. Na san rijiyar da yake tsayawa ya zuba wa motarsa ruwa, na san yadda yake sunkuyawa. Na ce ko da rarrafe ne sai na je, in ya so a rataye ni.

Ni fa, mai baftisma! Ni da nake karanta wa jama'a Littafi in idon Baba ya gaji!

Ran Lahadi 'yan'uwa suka taho ɗakina suka yi sujada a nan. Da aka zo addu'ar da Ubangiji ya koya mana, na bi su har wurin da ake maganar gafara, sai na kama bakina. Baba ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. Na juya fuska bango.

Ran Talata da azahar Rifkatu ta zo canza mini tabarma, sai ƙarfen ya faɗo. Ta ɗauka. Bakinsa na sheƙi kamar mashi. Ta dube shi, ta dube ni, ba sai na yi bayani ba.

Ta ce, "Ashe wannan kake yi in na fita? Ni ina can ina roƙon Allah ya bar mini kai, kai kana nan kana shirin zama mai kisan kai?"

Na ce, "Ba ki ji abin da Guguwa ya ce ba? Ba ki ga ƙafata ba?"

Ta ce, "Ni nake wanke ta safe da yamma, kar ka tambaye ni ko na gan ta. Ya karya maka ƙafa, na yarda, azzalumi ne. Amma wannan," ta ɗaga ƙarfen, "ba shi ya wasa ba. In ka mutu da wannan a ƙarƙashin tabarmarka, me zan ce wa Yesu? Me kai za ka ce masa?"

Ta ajiye shi a kan ƙirjina ta fita, na ji ta tana kuka a madafi.

Tun ranar da na faɗi ban yi addu'a ni kaɗai ba. A ranar na yi, amma ba irin wadda kuka sani ba. Faɗa na yi da Allah. Na ce, "Ya Ubangiji, ina kake a ƙofar nan? Ka gan shi, ka bar shi! Ga shi can yana cin tsire yana dariya, ni bawanka ina wari kamar mushe! Wannan ne adalcinka? In kana nan ka amsa mini!"

Ban ji murya daga sama ba, kada in ƙara wa labari gishiri. Abin da na ji muryar wata mai tallan nono ce tana wucewa ta lungu, tana kira, "Ga nono! Ga mai!"

Sai na tuna.

Da daminar da ta wuce, a hanyar Maigatari, ina sauri hadari ya taso, na tarar da wata tsohuwar Bafillatana a gabana da ƙwaryar nono a ka. Na kaɗa ƙararrawa ba ta ji ba, ko ta ji ba ta san ta inda za ta kauce ba. Ban ja birki ba. Na buge ta da kafaɗa, ta faɗi a kan hannunta, ƙwaryar ta tarwatse. Na waiga. Na ga tana motsi. Na ce a raina, ai ba ta mutu ba, takardu na jira. Na taka feda na tafi. Ban gaya wa kowa ba, har na manta. Wallahi na manta da ita sarai, sai a wannan azahar.

'Yan'uwa, maganar Guguwa ce fa! Ita ce, ba ragi! Shi da baki ya faɗa, ni a zuci. Abin da ya bambanta mu, shi an ba shi mota, ni keke kawai aka ba ni.

Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka ja ƙafar. Na ce, "Yesu, ka yi mini jinƙai! Ni ne! Ka gafarta mini tsohuwar nan, ka gafarta mini ƙarfen nan. Ba ni da ƙarfin yafe wa Garba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma in ka ba ni zan yafe. Ƙafa kuwa taka ce, in ka ga dama ka bari, in ka ga dama a yanke."

Rifkatu ta shigo da gudu ta zaci mutuwa ce. Na ce, "Je ki kira Baba. Ki ce masa na yarda, zan shiga motar."

Baba ya je ya sami Guguwa. Kun san abin da ya ce? "Ku ɗora shi a kan buhu jibi, amma in ya mutu a hanya ba ruwana." Ko kunya babu!

Ku ji ikon Allah. Washegari da hantsi Rifkatu tana gasa mini ƙafar da ruwan zafi, sai kumburin ya fashe. Mugunya ta yi ta zuba har ta cika kasko, a ciki kuwa ga wani ɗan tsagin ƙashi kamar ƙwayar dabino. Kafin la'asar gumi ya karyo mini, zazzaɓin da ya yi kwana da kwanaki ya sauka, na ce a ba ni tuwo. Malam Sale ya zo ya juya ƙashin nan a tafin hannunsa ya ce, "Wannan ne ɓarawon. Allah ya yi maka gyaɗar dogo, Ishaku. Amma ku tafi dai, likita ya gani."

Halleluya! Yabo ga sunan Yesu!

Aka ɗora ni a kan buhunan gyaɗa, Rifkatu a gefena. Ƙarfen yana cikin aljihuna, amma ba don abin da na wasa shi ba. Daga can sama na ga abin da ban taɓa gani ba: mutum a kan hanya ƙanƙane ne ƙwarai in kana bisa mota. Mun wuce Gagarawa kaɗan sai na hango wani manomi da jakinsa da matarsa a gaba, hanya ta matse tsakanin shinge biyu. Na ji motar ta rage ruri tana lallaɓawa. Na san wasan! Na ɗauki sandata na yi ta dukan rufin da ke kan direba, ina ihu, "Garba! Tsaya! Ka ji tsoron Allah, tsaya!"

Ya taka birki, ya diro a fusace. "Wane ne ke fasa mini mota?"

Na ce, "Ni ne, wanda bai mutu ba."

Ya ɗaga kai ya dube ni. Na kwance tsumman ƙafar na ce, "Hau ka gani." Ya ce ba shi da lokaci. Na ce, "Ka sami lokacin yi, ka sami lokacin gani. Hau!" Fasinjojin da ke kan buhu suka sa baki, ya taka taya ya leƙo. Da ya ga ramin da ke ƙafar sai ya kau da kai.

Na ce, "A'a, duba sosai. Ka gan ni, na gan ka, na ɗaga maka hannu, ka taho. Ba tsautsayi ba ne, mugunta ce. Mutumin da ke gaban nan da jakinsa, shi ma ƙashi gare shi irin nawa, yana da masu jiransa a gida."

Sai na ciro ƙarfen na miƙa masa. Na ce, "Wannan dominka na wasa shi. A rijiyar da kake shayar da motarka na yi niyyar samunka. Yesu ne ya karɓe shi daga hannuna, ba don ka cancanta ba, don ni ma na yi wa wata irin abin da ka yi mini. Na yafe maka. Riƙe shi."

Ya karɓa, ya taɓa bakin da yatsa. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya sauka. Bai ce in yafe masa ba, bai ce ya yi kuskure ba, kuma ba zan ce muku ya tuba ba, don ban sani ba. Abin da na sani, ya jira manomin nan ya fita daga shinge kafin ya tayar da mota, kuma da muka isa Kano bai sauke mu a tasha ba, har ƙofar asibiti ya kai mu.

Likita ya duba, ya wanke, ya ce da mun zo da ƙashin nan a ciki da sai zarto. Ba a yanke ba! Ga ta nan, ta gajarce, ta karkace, amma tawa ce, da ita na tako zuwa nan!

Da na fara takawa da sanda, na ari jaki na bi hanyar Maigatari ruga-ruga ina tambaya. Bayan kwana biyu na same ta. Sunanta Inna Dije. Hannunta na hagu ya ɗoru a karkace, ba ta iya ɗaga ƙwarya zuwa ka, ta bar talla tun daga ranar. Na durƙusa da ƙyar na ajiye sabuwar ƙwarya a gabanta na faɗi ko ni wane ne.

Ta ce, "Kai ne mai dokin ƙarfe? Ka waiwayo fa. Na ga ka waiwayo."

Na ce, "Na waiwayo, Inna."

Ta yi mini faɗa, faɗa mai kyau, rabi da Hausa rabi da Fillanci, ban ɗaga kai ba don gaskiyarta ce. Da ta gaji ta dubi ƙafata ta ce, "Wa ya yi maka wannan?" Na ce mota. Ta ce, "Shi ya zo ya durƙusa maka?" Na ce a'a. Sai ta ce, "To tashi, ƙafar za ta yi tsami. Na yafe." Ta sa aka dama mini fura. Hannun nata dai bai miƙe ba, kuma ni na yi shi. Wannan zan ɗauka har kabarina.

Kamfani bai mai da ni ba. Baba Yohana ya zaunar da ni a shagonsa, yanzu keken ɗinki nake takawa da ƙafar hagu, ba mu kwana da yunwa.

Ina ganin direbobi a cikinku, da masu keke, da akawuna, don aikin hanyar jirgin nan ya tara mu daga ko'ina. Zan faɗa muku ba tare da sakaye ba: yafewa ba ta mai da mugunta daidai ba. Abin da ake yi wa talaka a kan hanya zalunci ne! Wanda ke gabanka ba buhu ba ne, ba kara ba ne, mutum ne da Almasihu ya mutu dominsa. Gyaɗa za ta iya jira, takarda za ta iya jira. In ka buge mutum ka sauko! Kai kuma da ke zaune bayan tebur, in an kawo maka labarin ma'aikacinka, ka fara tambayar ransa.

Wanda kuma aka zalunta, yake zaune a nan yana wasa nasa ƙarfen a zuci, ɗan'uwana, na san zafin, ba zan ce maka ba zafi. Kada ka jira sai ka iya addu'a mai daɗi. Kai wa Allah fushin yadda yake, da ihun da komai, ba zai kore ka ba. Ni faɗa na je yi da shi, ya karɓe ni.

Na gode wa Allah Uba da ya bar mini rai. Na gode wa Yesu da ya tsare hannuna daga jini. Na gode domin Rifkatu da ta faɗa mini gaskiya ranar da ba na son ji. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku dogara gare shi da dukan zuciyarku, a gida da kan hanya. Shi mai aminci ne.

Cikin sunan Yesu. Amin!